Amsa: Edward na 4 da Eleanor Talbot

Kana tambaya wai akwai shaidar Sarki Edward na 4 na Ingila ya auri Eleanor Talbot kafin sarauniyarsa Elizabeth Woodville? Gaskiya babu takardar aure ko ɗaya, zargin dai yana cikin dokar majalisa ta 1484, Titulus Regius, wadda ta sheganta 'ya'yansa ta tabbatar wa ƙaninsa Richard na 3 sarauta.

Ni dai a karance-karancena, auren lokacin ko ba shaidu ya ɗauru muddin an yi alkawari an kwanta, to ina takarda za ta fito? Eleanor ta rasu tun 1468, shi kuma Henry na 7 da ya hau a 1485 ya sa aka soke dokar aka ce a lalata duk kwafinta, tunda 'yar Edward ɗin zai aura.