Shiga jirgin ruwan shaƙatawa da giyarka

Ɗan'uwa, ka tambaya ko za ka iya shiga jirgin ruwan yawon shaƙatawa da giyarka, tunda ka ji ta ciki tana da tsada. Shekara 4 na yi ina aiki a ɗakin cin abinci na irin jirgin nan, bari in gaya maka abin da na gani.

Kowane kamfani da dokarsa. Carnival da Royal Caribbean suna barin kowane baligi ya shigo da kwalba ɗaya ta giyar inabi, mai milimita 750, ba a fasa ta ba, kuma ranar hawa jirgi kaɗai. MSC kuwa ko ɗigo ba ya bari. Wiski da makamantansa, ka manta da su. In jirgin daga Amurka zai tashi, sai wanda ya kai shekara 21 ake bari ya shigo da kwalbar.

Kwalbar nan ka riƙe ta a jakar hannu. Akwatuna duk sai sun bi ta na'urar duba kaya, wanda aka ga kwalba a cikinsa kuwa ba ya isa ɗaki. Kiranka za a yi ƙasa ka buɗe shi a gaban masu tsaro. Ba na manta wani dattijo da ya zuba wiski a gorar maganin kurkure baki. Aka ƙwace, ba a mayar masa ba, ga kayansa ba su iso ba sai dare, ga maganin hawan jininsa a ciki. Har yau ina jin tausayinsa, don ranar farko ta hutunsa ta lalace a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Don Allah kada ka gwada, masu tsaron nan sun san duk wata dabara.

In ka sha taka a ɗakinka, ba ka biyan komai. In ka kawo ta teburin abinci, akwai kuɗin buɗe kwalba, lokacin da nake aiki dala 15 ne. Mutane da yawa a nan suke ɓata rai da mu, alhali a rubuce yake.

Wadda ka saya a tashar da aka yada zango, ko a kantin cikin jirgi, karɓa ake yi a ajiye maka, sai ƙarshen tafiya a ba ka.

Dokokin kan canza, don haka ka karanta sharuɗɗan tikitinka kafin ka ɗaure kaya.