Amsa kan tazarar kuɗin ƙera kaya da farashinsa a shago

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa kayan da masana'anta ta yi da ɗan kuɗi kaɗan yake isowa hannun mai saye ya ninka sau uku ko huɗu, kuma ko hakan cuta ce. Na yi shekaru ina riƙe da lissafi a wata masana'antar takalma, daga baya na koma wajen 'yan sari, don haka na ga abin ciki da waje.

In mutane suka ce kuɗin ƙerawa, fata da roba da zare da ladan ma'aikaci suke nufi. Amma kafin takalmi ya fita ƙofa an riga an ɗora masa kuɗin wuta, gyaran inji, da asarar waɗanda suka fito da aibi. Sai dako, kuɗin kwastan, hayar sito, sai haraji. A Ingila VAT, wato harajin da ake ɗorawa kan farashin kaya, shi kaɗai kashi 20 cikin 100 ne. Mai shago kuwa, a harkar sutura da takalma, yawanci ninka abin da ya saro yake yi. Wannan ninkin ya daɗe yana ci mini rai. Sai da na ga kaya sun yi kwantai, an karyar da su ƙasa da uwar kuɗi, sannan na gane cewa takalmin da aka sayar shi ke biyan bashin wanda ya kwana. Walmart, katafaren kamfanin kantuna na Amurka, duk girmansa, abin da ke rage masa bayan ya sallami kowa kashi 2 zuwa 3 ne kacal na cinikinsa.

Inda ƙorafinka yake da ƙarfi shi ne wajen mai tambari, wato kamfanin da sunansa ke jikin kaya. A 2024 Apple, mai wayar iPhone, ya yi cinikin dala biliyan 391, ribarsa tsantsa ta kusa biliyan 94, alhali kamfanoni irin su Foxconn ne ke harhaɗa masa wayoyin. Haka magani: doka tana ba wanda ya ƙirƙiro shi kariya ta shekara 20, da zarar wa'adin ya cika wasu suka fara yin irinsa, sai ka ga farashi ya faɗo warwas, ƙwayar kuma ita ce dai.

Abin da har yau yake damuna, duk lokacin da masu tambari suka matsa mana mu rage farashi, ba a iya taɓa kuɗin fata ko na wuta. Ladan masu ɗinki ake fara dubawa, ga shi dama yana cikin mafi ƙanƙanta a lissafin.