Gwanjon gidaje ta intanet: da sunan wa aka yi rajistar shafinka?

Wani dillalin filaye da gidaje daga Kano ya rubuto cewa ya ware naira miliyan 15 don buɗe gwanjo ta intanet, kuma ɗan yayarsa da ya karanta kwamfuta ya riga ya yi rajistar sunan shafin ya rubuta manhajar. Yana tambaya ko ya sayi sabar, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin, ya kafa a ofis ko ya yi haya, domin yana sa ran zarce dillalan Arewa cikin shekara guda.

Alhaji, batun sabar mai sauƙi ne: ka yi haya. Dala 30 zuwa 60 a wata za su riƙe shafi sabo a wurin kamfanonin hayar sabar irin su AWS, alhali na'urar da ka kafa a ofis tana buƙatar wuta dare da rana, da sanyi, da layin intanet biyu, kuma ranar da janareto ya tsaya ana tsakiyar tayi, ranar za ka rasa amanar masu saye. Burin zarce kowa cikin shekara kuma ka ajiye shi, don mai kuɗin sayen gida ba ya tura miliyoyi zuwa shafin da bai daɗe da jin sunansa ba.

Abin da ya tayar mini da hankali shi ne maganar da ka faɗa a wuce, cewa yaron ya yi rajista. Da sunan wa? Da imel ɗin wa, da lambar wayar wa? Kai da ka san cewa fili na wanda sunansa ke kan takarda ne a KANGIS, hukumar rajistar filaye ta Kano, yaya za ka gina kasuwanci a kan shafin da ba sunanka ke kansa ba? Sunan shafin, da asusun hayar sabar, da rubutun manhajar, da asusun karɓar kuɗi ta intanet na Paystack ko Flutterwave da kafin alƙalami zai riƙa shiga, duk wanda ke riƙe da kalmomin sirrinsu shi ne mai kasuwancin, ko da kai ka zuba kuɗin.

Na taɓa zama a sulhun wani ɗan kasuwa da ƙanen matarsa ya gina masa shafi haka. Yaron bai ci amana ba, aure ne ya mutu, zumunci ya yi tsami, ya daina ɗaga waya. Wa'adin rajistar sunan ya ƙare, saƙon tuni yana zuwa imel ɗin da mai kasuwancin ba ya iya buɗewa, shafin ya rufe da sunayen abokan ciniki a ciki. Rajistar da 'yan dubban nairori ke sabuntawa ita ta cinye wahalar shekaru.

Saboda haka kafin ka ƙara kashe ko kwabo, ka yi wa kamfani rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, a mayar da waɗannan asusun duka zuwa sunansa, lambar tabbatarwa ta riƙa zuwa wayarka. Ka rubuta wa yaron yarjejeniya a gaban lauya, da albashi ko kaso bayyananne, da sharaɗin cewa manhajar mallakar kamfani ce. Wannan kariya ce gare shi ma, kuma idan ya ƙi sa hannu, gara ka sani yau.

Sai kundin tayi. Dole manhajar ta rubuta kowane tayi da sunan mai shi da daƙiƙar da ya shigo, ta yadda ko mai kula da shafin ba zai iya gogewa ba, a kuma ajiye kwafinsa kullum a wani wuri dabam da kai kaɗai ke buɗewa. Ranar da wanda ya sha kaye ya ce an yi masa maguɗi, da wannan kundin za ka tsaya a kotu. Ka sa dokar ƙara lokaci idan layi ya katse, domin a Maris ɗin 2024 yankewar wayoyin ƙarƙashin teku ta gurgunta intanet a Najeriya da maƙwabtanta. Katin shaida da bayanan bankin masu taya kuwa, dokar kare bayanai ta 2023 kamfaninka za ta tambaya a kansu, don haka ka ware wani kaso na miliyan 15 ɗin ka biya ƙwararre na waje, wanda ba dangi ba, ya binciki manhajar kafin gwanjon farko.