Amsar Kawu kan hular NY da ƙiyayyar da ake yi wa Yankees

Assalamu alaikum jama'ar gida. Hajiya ina gaisuwa, yayye da ƙanne kowa da kowa ina gaishe ku. Nan Bronx ƙarfe 11 na dare ya wuce, yanzu na ajiye mota, na san ku can asuba ta kusa. Ku yi haƙuri, muryar nan za ta ɗan yi tsawo.

To ɗana, na ji saƙonka. Ka ce ka ga bidiyon wani filin wasa a Boston, mutane maƙil, suna zagin Yankees da murya ɗaya, alhali Yankees ɗin ma ba sa cikin wasan ranar. Kuma ka ce hular nan mai N da Y da ka saya a Ƙofar Wambai, kai duk zatonka sunan gari ne kawai. Kana tambaya me waɗannan mutane suka yi aka tsane su haka. Wallahi na ji daɗin tambayar, don filin nasu yana nan kusa da ni, a titi na 161, kullum ina wucewa ta gabansa, kuma shekara da shekaru ina jin wannan magana a bakin fasinjoji.

Hular nan ta ƙungiyar besbol ce, New York Yankees. Besbol shi ne wasan nan da mutum ɗaya zai jefo ƙwallo, wani ya make ta da kulki ya zura da gudu. Ƙungiyoyi 30 ne a babbar gasar, kowacce tana buga wasa 162 a shekara, kusan kullum ke nan tun daga bazara har kaka. Ka riƙe wannan, don mutum yana rayuwa da ƙungiyarsa ne kamar yadda yake rayuwa da maƙwabcinsa. Kofin ƙarshe shi ake kira World Series. Yankees sun ɗauke shi sau 27. Mai bi musu, St. Louis Cardinals, sau 11. Ka ga tazarar.

In ka tambayi ɗan Yankees zai ce maka hassada ce kawai, kuma hassada ga mai rabo taki ce. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, ban musa ba. Amma ni abin da na fahimta ya fi hassada zurfi. Bari in faro maka daga tushe.

Kafin 1920, Boston Red Sox su ne manya, sun ci kofi sau 5, Yankees ko ɗaya ba su da shi. Sai mai ƙungiyar Boston, Harry Frazee, ya sayar wa Yankees da ɗan wasansa Babe Ruth a kan dala 100,000. A ƙarshen 1919 aka ƙulla cinikin. Ruth ya zo New York ya zama ɗan wasan da ba a taɓa ganin irinsa ba, Yankees suka ci kofinsu na farko a 1923, daga nan ƙofa ta buɗe. Daga 1936 zuwa 1939 sau 4 a jere. Daga 1949 zuwa 1953 sau 5 a jere. Su kuwa Boston, tun da suka ci a 1918 ba su sake gani ba sai 2004. Shekara 86, ɗana. An haifi mutum, ya girma, ya yi jikoki, ya mutu, bai ga ƙungiyarsa ta ɗaga kofi ba, kuma duk tsawon rayuwarsa yana kallon waɗanda suka sayi ɗan wasansu suna biki. To wannan bidiyon da ka gani, jikokin waɗannan mutanen ne.

Amma Boston gari ɗaya ne. Abin da ya sa ƙiyayyar ta game ƙasa shi ne tsarin kuɗin wasan, kuma nan nake so ka nutsu ka saurara.

A sauran manyan wasannin Amurka, ƙwallon kwando da irin ƙwallon ƙafarsu ta hannu da wasan ƙanƙara, akwai iyaka da aka sa wa albashin da ƙungiya za ta biya 'yan wasanta gaba ɗaya. A besbol babu wannan iyakar. Masu ƙungiyoyi sun nemi su kawo ta a 1994, 'yan wasa suka tafi yajin aiki, har aka soke World Series na shekarar. Abin da aka samu daga baya shi ne haraji: in albashinka ya haura wani adadi, ka biya tara. To mai kuɗi ina ruwansa da tara? Yankees sun biya ta shekara 15 a jere, daga 2003 zuwa 2017, ko a jikinsu. Kuma kuɗin talabijin na gari, kowa da girman garinsa. New York mutum sama da miliyan 8 a cikin birnin kawai, ga Yankees da tashar talabijin tasu, YES, tun 2002. Ta ina Pittsburgh ko Kansas City ko Milwaukee za su kamo su?

Sai kuma ƙa'idar shekara 6. Ƙungiya za ta ɗauko yaro tun yana ɗanye, ta raine shi a ƙananan ƙungiyoyinta, ya hau babbar gasa. Tana da iko da shi na shekara 6. Bayan nan ya zama ɗan kansa, wanda ya fi tayi shi zai ɗauka. Ka ga abin da ke faruwa ke nan: ƙaramin gari ya sha wahalar raino, ya jure kurakuran yarinta, daidai lokacin da ɗan wasa ya nuna, sai mai jaka ya zo ya tsinke. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Oakland sun raini Jason Giambi har ya zama gwarzon gasar a 2000, bayan kakar 2001 Yankees suka ba shi dala miliyan 120 na shekara 7, ya tafi. A 2002 albashin Oakland gaba ɗaya wajen miliyan 40 ne, na Yankees ya ninka haka sau uku.

Akwai wani dattijo da na taɓa ɗaukowa daga filin jirgi, mutumin Pittsburgh ne, ba zan manta da shi ba. Da muka zo wucewa ta gaban filin Yankees sai ya kau da kai. Na tambaye shi lafiya? Ya ce ya saya wa jikansa riga mai sunan Gerrit Cole, mai jifan da Pittsburgh suka ɗauka tun yana ɗalibi a 2011. Yaron har barci yake yi da rigar. Ƙungiyar ta san ba za ta iya biyansa ba in wa'adinsa ya cika, sai ta miƙa shi ga Houston tun da wuri don ta samu wani abu a madadinsa. A ƙarshen 2019 Yankees suka ba shi miliyan 324 na shekara 9. Dattijon ya ce min abin da ya fi yi masa ciwo shi ne ranar da jikan ya tambaye shi wane suna za su saya yanzu, ya rasa amsa, don ya san duk wanda ya yi fice shi ma tafiya zai yi. Wallahi jikina ya yi sanyi. Wannan mutumin ba kofin Yankees yake wa baƙin ciki ba. An hana shi ya ƙaunaci ɗan wasa da zuciya ɗaya ne, kuma an koya wa ƙaramin yaro cewa garinsu wurin raino ne kawai.

Ku 'yan Arsenal na gidan nan kun san zafin. Ku tuna lokacin da kuɗin Abu Dhabi ya shigo Manchester City a 2008, aka bi ku ana zara ɗaya bayan ɗaya, Adebayor, Kolo Toure, Clichy, Nasri. Ku tuna yadda kuka ji a gidan kallo ranar da Adebayor ya ci ku ya ruga tun daga wancan gefen fili ya zo gaban magoya bayanku yana murna. To ku ɗauki wannan jin, ku shimfiɗa shi shekara 100.

Sannan akwai hali. Kuɗi kaɗai ba ya jawo irin wannan, sai an haɗa da izza. A 1973 George Steinbrenner da abokan kasuwancinsa suka sayi ƙungiyar daga kamfanin CBS a kan kimanin dala miliyan 10. Mutum ne mai zafi, a wajensa duk shekarar da ba a ci kofi ba asara ce. Koci ɗaya, Billy Martin, sau 5 yana riƙe ƙungiyar a hannunsa, a kore shi a dawo da shi. Da aka buɗe kasuwar 'yan wasa shi ne kan gaba wajen zuba kuɗi, ya kawo Catfish Hunter, ya kawo Reggie Jackson. Kuma ya kafa doka, ba gemu, ba dogon gashi. Wannan dokar sai a farkon 2025 aka sassauta ta. Za ka ce ƙaramin abu ne, amma dubi yadda yake a idon mai kallo. Johnny Damon yana cikin waɗanda suka ciyo wa Boston kofin 2004, da gashinsa har kafaɗa da gemunsa, duk gari an san shi da haka. Bayan kakar 2005 ya koma Yankees, aka wayi gari an aske shi tas. Ga shi rigarsu ba a rubuta sunan ɗan wasa a baya, lamba ce kawai. Kamar ana ce wa mutanen Boston, naku ne jiya, yau ko kamanninsa ba mu bar muku ba. Shi ya sa a ƙarshen 2002, da Yankees suka riga Boston ɗaukar wani mai jifa ɗan Kyuba, José Contreras, shugaban Red Sox Larry Lucchino ya kira su daular mugunta, sunan ya bi su har yau.

Ga kuma 'yan jarida da ba su da zance sai nasu, ga magoya bayan da ba su taɓa taka New York ba amma sun bi mai nasara, in gardama ta yi zafi sai su ce maka 27 su yi shiru. Mutumin da ya gaji ƙungiyarsa daga kakansa, yana shan kaye yana komawa fili, wannan yana ƙona masa rai sosai.

Yanzu bari in faɗi nasu haƙƙin, don zalunci ne in ɓoye. Ƙungiyar da ta ci kofi a 1996, 1998, 1999 da 2000, ginshiƙanta 'yan gida ne. Derek Jeter, Mariano Rivera, Andy Pettitte, Jorge Posada, Bernie Williams, duk Yankees ne suka raine su. Amfanin kuɗin a nan shi ne sun iya riƙe yawancinsu har tsufa, abin da Oakland ba za ta iya ba. Kuma in sun yi kuskuren saye, sai su share su sayi wani, ƙaramar ƙungiya kuwa kuskure ɗaya zai durƙusar da ita shekaru. Kuɗi ba ya jefa ƙwallo. Arizona ta doke su a wasan ƙarshe a 2001, Florida ta doke su a 2003. A 2004 suna gaban Boston da wasa 3 babu ko ɗaya, saura ɗaya su fitar da su, Boston ta ci 4 a jere, abin da ba a taɓa yi ba a tarihin wasan. Kafin kakar 2009 sun zuba sama da miliyan 400 a kan mutum uku, Sabathia da Teixeira da Burnett, suka ci kofin shekarar, kuma tun daga nan shiru. Sannan ni a ganina wasu masu ƙananan ƙungiyoyin ma suna da laifi babba. Akwai kason da manya ke tura musu duk shekara, amma ba kowa ke mayar da shi cikin fili ba, kuma sunan Yankees ya zame musu mafaka in magoya baya sun yi kuka.

Ka lura da wani abu kuma. A 2023 maƙwabtansu New York Mets sun kashe kuɗin da babu wanda ya taɓa kashewa a besbol, suka ƙare ko zagayen neman kofi ba su shiga ba. Dariya aka yi musu, ba wanda ya tsane su. Sai kuɗi ya haɗu da nasara ƙiyayya take tashi. Shi ya sa yanzu guguwar ta karkata Los Angeles. Ƙungiyar garin, Dodgers, sun ba ɗan Jafan ɗin nan Shohei Ohtani dala miliyan 700 na shekara 10, kuma miliyan 680 daga ciki sai nan gaba za a biya, wanda mutane da yawa ke gani dabara ce ta rage nauyin harajin nan. Suka ƙara da Yamamoto a kan miliyan 325. Suka doke Yankees ɗin kansu a 2024, suka sake ɗauka a 2025 a hannun Toronto. Yau a motata zagin Dodgers nake ji fiye da na Yankees, har daga bakin 'yan Bronx, waɗanda su ma sun ɗanɗana da Juan Soto ya bar su ya koma Mets a kan miliyan 765.

Game da hularka, ka ci gaba da sawa, a Kano ba mai ce maka komai, nan ma a kan titi rabin masu sa ta ba su san wa ya ci wasan jiya ba. Amma in Allah ya kawo ka ka ziyarce ni muka je Boston, za ka bar ta a gida ranar da za mu shiga Fenway, filin Red Sox, don mutanen nan da gaske suke.

Hajiya, saƙon maganin ya iso hannun mai tafiya, ranar Laraba zai taso in sha Allah. Bari in yi sallah in kwanta, sammako zan yi. Sai da safenku.