Kek ɗin tuffa yana jiƙewa a tsakiya, ina matsalar take?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina gasa kek ɗin tuffa mai yanka-yanka a tukunya da yashi, yara 'yan makaranta ke saye. Ƙasan yana ƙonewa, tsakiya kuma ta zauna caɓal, kwana biyu sai ya fara tsami. Tuffar da ta fara lalacewa ake kawo min daga kasuwar 'Yan Lemo ta Kano saboda arha, in yanke wurin ruɓar. Maƙwabciyata ta ce ba komai, wuta na kashe komai. Hankalina dai bai kwanta ba. Daga wata 'yar'uwa a Gwaram.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Caɓalin nan ruwan tuffa ne, domin fiye da kashi 80 cikin 100 na tuffa ruwa ne. Ki yayyanka ta siriri, ki ɗora a wuta da sukari da kirfa da cokali ɗaya na kwanfulawa (garin sitacin masara) har ruwan ya kama jikinsa, ki bari ta huce. Ki fara gasa kwaɓin ƙasa shi kaɗai na kamar minti 10 kafin ki shimfiɗa tuffar. Ki rage garwashin ƙasa, ki ƙara a kan murfi. Kada ki yanka kek ɗin sai ya huce sarai. Koriyar tuffa mai tsami ta fi ja jure wuta. Tunda ba firji, ki gasa iya abin da zai ƙare a ranar.

Amma maganar maƙwabciyarki ita ta fi tayar min da hankali, don kusan kullum sai na ji ta daga bakin masu sana'a, kuma ba gaskiya ba ce. Wuta tana kashe fumfuna, amma ba ta kawar da gubar da fumfunar ta riga ta zuba. Fumfunar nan mai shuɗi-shuɗi da ke cin tuffa tana fitar da wata guba da ake kira patulin, wadda ke jure zafi, musamman a cikin abu mai tsami irin tuffa. Gashin minti 40 ba zai raba ki da ita ba. Tana kuma ratsa naman tuffar ta wuce inda ido ke gani, kirfa da sukari kuma su rufe warin. Saboda ita ne ƙa'idar abinci ta duniya ta kayyade kada ta wuce maikirogiram 50 a kilo ɗaya na ruwan tuffa (maikirogiram shi ne kashi ɗaya cikin miliyan na giram). Gubar tana taɓa ciki da hanji, ta jawo tashin zuciya da amai, kuma ƙaramin jiki ya fi saurin jigata. Su waye masu sayen kayanki? Yara ne da iyayensu suka ba su kuɗin tara, suka amince da hannunki. Wallahi yana min ciwo in ga mace mai tsoron Allah tana ciyar da 'ya'yan mutane ruɓaɓɓe don wata ta ce ba komai, alhali mai faɗar ba ta san komai a kai ba.

Ki bambance abu biyu. Tabon buguwa, wanda ya yi ruwan ƙasa amma fatar ba ta fashe ba kuma babu wari, ki yanke shi ki yi aiki da sauran. Wadda ta yi laushi tana tsatsar ruwa, ko yatsa ya nutse a cikinta, ko kika raba ta kika ga fumfuna a wajen 'ya'yan, ki zubar da ita gaba ɗaya.

In tsada ce matsalar, lafiyayyun tuffa biyu da aka yanka siriri sun isa ƙaramin faranti, ki ɗan ƙara kauri a kwaɓin ƙasa.