Amsa: Idan 'Yan Murur ('Yan Sandan Hanya na Saudiyya) Suka Tsayar da Kai

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce duk lokacin da ka iso shingen Shumaisi a hanyar Jidda zuwa Makka sai hannunka ya kama rawa, kana tsoron a ɗauka wani abu kake ɓoyewa. Kwantar da hankalinka, fargaba ba laifi ba ce, kuma takardunka suke dubawa.

Abin da zai taimake ka shi ne shiri tun daga gida: iƙama (katin izinin zama) mai rai, ruksar tuƙi (lasisi), istimara (takardar rajistar mota) da inshora. Ka tabbata duk suna cikin Absher (manhajar gwamnatin Saudiyya) a wayarka. Idan an tsayar da kai, ka sauke gilashi, ka yi sallama, ka zauna cikin mota sai in an ce ka fito. Kar ka ɗauki jami'i hoto ko bidiyo, wannan kan jawo wa mutum babbar matsala.

In an rubuta maka tarar da kake ganin zalunci ce, don Allah kar ka yi gardama a bakin titi. Kana da haƙƙin shigar da ƙorafi ta Absher cikin kwana 30. Abin na damuna yadda 'yan'uwanmu da yawa ke biya kawai saboda ba su san da wannan ba.