MySQL ta riƙe RAM da daddare, ba mai aiki: amsa ga yarona

Ƙanena, na ga saƙonka. Ka ce ka leƙa saba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe bayanai, ta masu kantin maganin nan na Agege bayan an tashi aiki, RAM ɗinta, wato ma'ajiyar wucin gadi mai sauri, giga 16, amma MySQL, manhajar rumbun bayanai, ita kaɗai ta riƙe kusan 12, kana tambaya ko wata cuta ce ta shige ta, ko ka kashe ka kunna. Kada ka taɓa ta. Lafiyarta ƙalau.

Ɗauko bayani daga faifai yana da nawa ƙwarai in aka gwada da ɗauko shi daga RAM. Don haka InnoDB, injin da ke cikin MySQL, yakan keɓe wani fili a RAM, duk shafin da ya karanto daga faifai, kowanne kilobait 16, sai ya ajiye shi a can. Ka san mai tumatir a Mile 12 ba ya mayar da kwanduna sito don kawai mai saye ya tafi, yakan bar su a gabansa saboda wani na tafe. Girman filin nan shi ake sawa a innodb_buffer_pool_size. Daga kamfani megabait 128 kacal yake zuwa, ni na ɗaga shi zuwa giga 11 ranar da muka haɗa musu, tunda sabar ba ta wani aiki sai wannan.

To, ga wurin da nake so ka natsu. Lokacin da MySQL ta tashi ta ce wa Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da sabar, tana son giga 11, Linux ba ta ƙirga ta miƙa mata nan take. Adireshi kawai take ba ta, wato alkawari. Sai ranar da aka fara rubutu a wani gurbi sannan take ciro shafi na gaske, mai kilobait 4, ta manna a wurin. Shi ya sa in ka buga top, umarnin da ke nuna abin da kowace manhaja ke ci, za ka ga VIRT da RES sun sha bamban: na farko abin da aka yi alkawari, na biyu abin da ke hannu. Shi ya sa kuma RES yake hawa a hankali kwana da kwanaki, ya kai kusa da iyakar da aka sa ko ya ɗan haura ta, ya tsaya, ba ya saukowa. Yoyo, wato manhaja ta riƙa cin RAM ba ta saki, shi ne in RES ya wuce iyakar nesa kuma ya ci gaba da hawa mako bayan mako. In ka buga free -h ma, umarnin da ke nuna yawan RAM da ta rage, kada layin free ya tsorata ka. Linux da kanta tana cika sauran wurin da fayilolin da aka karanta, kuma takan sake shi da zarar an buƙata. Layin available za ka duba.

Abin da ke kashe saba a wani wuri yake. Linux tana yin alkawarin da ya fi abin da take da shi, bisa zaton ba kowa zai zo karɓa lokaci guda ba. Ban da babban filin nan, duk wanda ya haɗu da rumbun bayanan yana iya cin nasa kason wajen jera sakamako ko haɗa tebur da tebur, kuma MySQL tana barin haɗi har 151 in ba a canza ba. A PostgreSQL, wata manhajar rumbun bayanai irin MySQL, abin ya fi fitowa fili. Ita babban filinta, shared_buffers, kwata na RAM ake ba shi, don tana jingina da ajiyar Linux, sannan kason jera sakamako, work_mem, megabait 4 ne ga kowane jeri ɗaya. Wani sai ya ga rahoto yana jan ƙafa ya mayar da shi 64. Yi lissafi: haɗi 100 sau 64, giga 6 da ɗoriya ke nan, alhali tambaya guda tana iya cin kason sau biyu ko uku. Ranar ƙarshen wata da kowa ya zo fitar da rahoto, RAM ta ƙare, sai Linux ta fara tura shafuka faifai, saba ta koma rarrafe. In hakan bai isa ba, OOM killer, sashen Linux mai kashe manhaja in RAM ta ƙare, ya zaɓi wanda ya fi kowa ci ya kashe, kuma kusan kullum rumbun bayanan ne. Za ka ga shaidar in ka buga dmesg, umarnin da ke nuna saƙonnin Linux. Wannan ne dalilin da na bar giga 5 ban taɓa ba, kuma na rage vm.swappiness, ma'aunin saurin tura shafuka faifai, daga 60 zuwa 10.

Batun kashewa da kunnawa kuwa, duk abin da MySQL ta tara a RAM zai zube. MySQL takan rubuta jerin wasu shafukan in an rufe ta cikin tsari, ta sake ɗauko su in ta tashi, amma in wuta ce ta ɗauke kafin janareta ya kama, babu wannan gatan, da safe masu kantin su yi ta jiran allo. Saboda haka batirin UPS ɗinsu, na'urar da ke riƙe wuta in an ɗauke, ya fi damuna a kan giga 12 ɗin nan. Gobe in Allah ya kai mu ka biya can kafin ka iso Ikeja, ka gwada minti nawa yake riƙewa, ka kuma ɗauko mini hoton top da na free -h da ƙarfe goma, lokacin da layi ya cika.